Maficin dutse: Tsiron da ke bushewa ƙayau a rani, ya farfaɗo da ruwan farko

A ƙarshen watan Maris, lokacin da zafin bazara ya kai intaha, wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsun arewacin Najeriya zai ga kamar babu sauran abu mai rai a kansu. Ciyawa ta ƙone, ararraɓi da kukkuki sun zubar da ganye, falalen dutse kuwa ba ya takuwa sai da takalmi.

Idan ya duƙa ya leƙa cikin tsagar dutse, yana iya tarar da wani ɗan curin busassun ganyaye masu launin toka-toka, sun naɗe sun sunkuyar da kai kamar ragowar tsohuwar tsintsiya. Makiyayi zai taka shi ya wuce, mai neman itace ma haka.

Sai dai tsiron yana nan da ransa. Ranar da aka yi ruwan farko, waɗannan busassun ganyaye za su sha ruwa, su miƙe, su buɗe, su koma kore shar cikin kwana ɗaya ko biyu. Ganyen bara ne da kansa yake dawowa aiki, tun kafin ciyawar da ke kewaye da shi ta fara tsirowa.

Masana tsirrai na kiransa Actiniopteris radiata. Ganyensa idan ya buɗe kamar ɗan ƙaramin mafici yake, don haka wanda ya kira shi maficin dutse bai yi kuskure ba. Yana cikin tsirrai ƙalilan a duniya da ke iya bushewa ƙayau ba tare da sun mutu ba, kuma wannan baiwa ce ta sa masu binciken noma suka mayar da hankali kan irinsa, a daidai lokacin da nakiyar masu fasa dutse ke cinye wuraren da yake rayuwa.

Kamanninsa da inda yake tsirowa

Da wuya tsayinsa ya wuce santimita 20, wato kimanin taƙi ɗaya. Yana da gajeriyar saiwa mai ɓawo-ɓawo da ke maƙalewa cikin tsagar dutse, daga nan siraran sanduna ke fitowa a cure, kowace da ganye ɗaya a kanta.

Ganyen bai fi tafin hannun jariri ba. Yana rabuwa gida biyu, kowane gida ya sake rabuwa biyu, har ya zama siraran yatsu da suka bazu kamar rabin da'ira. Wanda ya san ganyen giginya ko na goruba zai ga kamar an ƙanƙantar da shi ne aka dasa a jikin dutse.

Daga wannan siffa ya samo sunansa. A harshen Girkanci, kalmar farko ta sunan na nufin tsirkiyar hasken rana, ta biyun kuma sunan dangin tsiron ce. Wani masani ɗan ƙasar Sweden, Olof Swartz, ne ya fara bayyana shi a rubuce a farkon ƙarni na 19, sannan Bajamushe Heinrich Friedrich Link ya ba shi sunan da ake amfani da shi yanzu a shekarar 1841.

Duk da ƙanƙantarsa, ya yi nisan tafiya. Ana samunsa daga tsibiran Cape Verde da ke Tekun Atlantika, ya ratso Mali da Najeriya da Kamaru da Chadi da Sudan da Habasha, ya gangara har Afirka ta Kudu da Madagaska. Ya kuma haye zuwa yankin Larabawa da Iran da Pakistan da Indiya da Sri Lanka.

A duk waɗannan ƙasashe zaɓinsa iri ɗaya ne. Yana son busasshen daji mai duwatsu, inda itatuwa ke zubar da ganye da rani, ya samu tsaga ko gindin wani ƙaton dutse da ke ba shi 'yar inuwa da ɗan turɓaya. A wasu wurare a Indiya har jikin tsofaffin ganuwoyi da katangun dutse yakan kama.

Dangin da ba ya fure, ba ya 'ya'ya

Maficin dutse na cikin wani babban gidan tsirrai da a Turance ake kira fern. Nau'o'insu sun haura 10,000 a duniya, kuma masana sun ƙiyasta cewa sun fi shekara miliyan 350 a doron ƙasa, wato sun daɗe da wanzuwa kafin tsirrai masu fure su bayyana.

Hausawa ba baƙin wannan gida ba ne. Likitan nan ɗan Scotland da ya yi aiki a Arewa zamanin mulkin mallaka, John McEwen Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. A ciki ya ambaci agugu, saiwar wani tsiro na wannan dangi da ake sayarwa a matsayin maganin tsutsar ciki, da kuma mashin zomo, wani ɗan ƙaramin tsiro mai ganye ɗaya da tsinke a tsakiya. Saboda haka ana iya kiran gidan baki ɗaya dangin agugu.

Abin da ya raba dangin agugu da gero ko wake ko mangwaro shi ne ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba su da irin da za a shuka. A ƙarƙashin ganyensu akwai wasu ƙananan jakunkuna da ke cike da ƙwayoyin haihuwa masu laushin ƙura. A jikin maficin dutse, jakunkunan na jere ne a gefen kowane ɗan yatsan ganye, bakin ganyen ya naɗo ya rufe su.

Idan suka nuna, jakunkunan kan fashe, iska ta kwashi ƙurar. Rashin nauyinta ne ke ba ta damar tsallake daji da hamada da teku, abin da ke bayyana yadda tsiro ɗaya ya samu kansa a Cape Verde da kuma Indiya.

Ƙwayar da ta faɗa wuri mai danshi ba ta fitar da tsiro irin uwarta kai tsaye. Takan fara zama wani ɗan siririn koren faifai, bai kai faɗin farce ba, wanda ke manne da ƙasa. A jikin wannan faifai ne ake samun sashen namiji da na mace, kuma ƙwayar namijin sai ta yi iyo cikin ɗigon ruwa kafin ta isa ga ta macen. Daga haɗuwarsu ne sabon tsiro ke fitowa.

Wani Bajamushe mai sayar da littattafai a birnin Leipzig, Wilhelm Hofmeister, wanda ya koya wa kansa ilimin tsirrai, shi ne ya fayyace wannan zagaye mai hawa biyu a 1851.

Wannan bukata ta ruwa ce ta sa yawancin dangin agugu ke zaune a wurare masu laima, kamar bakin ƙorama da ƙurmi da jikin itatuwan kwakwar manja a kudancin Najeriya. Maficin dutse da 'yan uwansa sun saɓa wa wannan al'ada, sun je sun zauna a inda ruwa ya fi ko'ina saurin ƙafewa. Wasu daga cikin danginsa na busassun wurare ma sun samu hanyar fitar da sabon tsiro daga jikin faifan ba tare da an yi wancan iyo ba.

Yadda yake tsallake rani

Kan dutse wuri ne mai tsanani. Masu bincike sun auna zafin falalen dutse a ƙasashe masu zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas da tsakar rana. Ruwan sama kuwa gangarewa yake yi nan take, ɗan abin da ya rage a tsaga ya ƙafe cikin 'yan kwanaki.

Tsirrai na da dabaru daban-daban na fuskantar fari. Kuka da tinya na adana ruwa a jikinsu. Gawo na zura saiwa can ƙasa. Ciyawa kan yi sauri ta zubar da iri ta mutu kafin rani ya kama. Dukkansu guje wa bushewa suke yi, domin yawancin tsirrai, har da amfanin gona, na mutuwa idan suka rasa rabin ruwan jikinsu ko fiye da haka kaɗan.

Tsirrai irin maficin dutse ba sa gudun bushewar. Suna barin ruwan ya fita, wasunsu har kashi 95 cikin 100, amma suna shirya jikinsu tun ruwan bai gama fita ba.

Binciken da aka yi kan ire-irensu ya nuna matakai da dama. Na farko, yayin da ruwa ke raguwa, tsiron kan tara sukari mai yawa a cikin ƙwayoyin halittarsa. Sukarin kan maye gurbin ruwan, ya daskare kamar alewa, ya riƙe kayan cikin ƙwayar a mazauninsu don kada su murƙushe.

Na biyu, yakan samar da wasu nau'o'in furotin na kariya da ke hana sauran sinadaran jikinsa lalacewa. Na uku, yakan ƙara yawan sinadaran da ke kashe gubar da hasken rana ke haifarwa a ganyen da ya daina aiki.

Naɗewar ganyen ma tana da dalili. Koren sinadarin da ganye ke kama hasken rana da shi yakan zama haɗari idan babu ruwa, domin yana ci gaba da karɓar haske alhali babu inda za a kai ƙarfin. Da ganyen ya naɗe ya sunkuya, sai ya ɓoye fuskarsa daga rana, ya kuma rage faɗin da iska ke bugawa.

A wannan hali numfashin tsiron da duk wani aiki na jikinsa kan tsaya kusan cak. Haka zai zauna tsawon hunturu da bazara. Da ruwa ya sauka, sukarin ya narke, ƙwayoyin su cika, tsiron ya gyara ɗan abin da ya lalace, ya ci gaba da haɗa abincinsa.

Manomi ya san wannan al'amari, ko da bai taɓa ganin maficin dutse ba. Ƙwayar geron da ke cikin rumbu busasshiya ce ƙayau, amma tana da rai, kuma da ta ji danshi za ta tsiro. Kusan dabarar da ƙwayar iri ke amfani da ita ce waɗannan tsirrai suke amfani da ita a ganye da saiwa.

Ba ɗaya suke da Kaffu Maryam ba

Alhazai da dama sun san wani busasshen tsiro mai kama da dunƙulallen hannu da ake sayarwa a kasuwannin Makka da Madina, wanda Larabawa ke kira Kaffu Maryam. Idan aka tsoma shi cikin ruwa yakan buɗe a hankali, idan ya bushe ya sake dunƙulewa.

Mutane kan ɗauka farfaɗowa yake yi, amma a kimiyyance tsiron ya riga ya mutu. Busassun rassansa ne ke kumbura idan sun sha ruwa, kamar yadda ƙofar katako ke kumbura da damina, sai su buɗe su saki irin da suke riƙe da shi. 'Ya'yan ne ke da rai, uwar ba ta komawa kore.

Maficin dutse kuwa ganyensa na komawa kore, ya ci gaba da girma, ya fitar da sabbin ganyaye da ƙurar haihuwa. Irin wannan baiwa ba ta da yawa. Wasu masana biyu na Jamus, Stefan Porembski da Wilhelm Barthlott, sun ƙiyasta a shekarar 2000 cewa kimanin nau'i 330 ne kawai aka san suna da ita cikin tsirrai masu jijiyoyin ɗaukar ruwa, waɗanda yawansu ya haura 300,000. Sun kuma nuna cewa mafi yawan waɗannan nau'o'i a kan duwatsu suke zaune. An gano ƙarin wasu tun daga lokacin, amma har yanzu 'yan tsiraru ne.

Abin da ya haɗa shi da gonar manomi

Najeriya na da gurbi a tarihin wannan bincike. A 1961, wani masani mai suna David Hambler ya wallafa rahoto a mujallar Nature kan wata ciyawa da ke shimfiɗa kamar tabarma a kan duwatsun Najeriya, wadda ake kira Afrotrilepis pilosa. Ya nuna cewa takan bushe, korenta ya ɓace gaba ɗaya, sannan ta dawo da shi idan ta samu ruwa.

Bayan shekara goma, a 1971, Donald Gaff na Jami'ar Monash da ke Ostireliya ya wallafa jerin irin waɗannan tsirrai da ya gano a kudancin Afirka, aikin da ya buɗe fagen binciken sosai.

A yau, sunan da ya fi fice a fagen shi ne na Farfesa Jill Farrant ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu. Ta sha ba da labarin cewa tun tana yarinya a gonar iyayenta ta ga wani mataccen tsiro a kan dutse ya dawo kore bayan ruwan sama, ta gaya wa mahaifinta bai yarda ba. A 2012 ta samu lambar yabo ta L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya saboda aikinta kan waɗannan tsirrai.

Hujjar da ita da abokan aikinta suka dogara da ita mai sauƙin fahimta ce. Tunda masara da dawa da gero na iya samar da irin da ke jure bushewa, to ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki suna nan a jikinsu, sai dai a cikin iri kawai suke farkawa. Tambayar ita ce yadda za a tashe su a ganye da saiwa lokacin da ruwa ya ɗauke.

Cikin tsirran da suke nazari akwai wata ciyawa mai suna Eragrostis nindensis, 'yar uwar tef, hatsin da Habashawa ke yin gurasarsu da shi, kuma 'yar gida ɗaya da burburwar da ke tsirowa a gonakin ƙasar Hausa. Akwai kuma wani ɗan dangin agugu na Afirka ta Kudu da ke jure bushewa da rani, amma ya rasa wannan juriya da damina. Wannan ya ja hankalin masu bincike ƙwarai, domin yana nuna cewa baiwar abu ce da tsiro ke iya kunnawa ya kuma kashe.

Ga manomin Sahel, amfanin a bayyane yake. Dattawa ba su manta da farin farkon shekarun 1970 da na tsakiyar 1980 ba. Ko a shekarar da ruwa ya wadata, abin da ya fi karya manomi shi ne ɗaukewar ruwa na mako biyu ko uku bayan an yi shuka, lamarin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke gargaɗi a kansa a hasashenta na kowace shekara. Shukar da za ta iya dakatawa ta jira ruwa, maimakon ta ƙone a sake sayen iri, za ta rage asara mai yawa.

Sai dai akwai iyaka. Har yanzu babu irin masara ko gero mai wannan baiwa da ya isa hannun manoma, aikin yana matakin ɗakin gwaji ne. Sannan tsiron da ya bushe ba ya girma, shi ya sa ire-iren maficin dutse ƙanana ne masu jinkirin girma. Abin da ake fata shi ne shukar da za ta tsallake ɗaukewar ruwa, domin babu shukar da za ta ba da hatsi ba tare da ruwa ba.

Matsayinsa a maganin gargajiya

A Indiya tsiron sananne ne a tsarin maganin gargajiya na Ayurveda, inda ake kiransa Mayurashikha, wato tukkun ɗawisu, saboda siffar ganyensa. Masu magani a can na amfani da shi wajen tari da tsutsar ciki da gudawa da tsayar da jini.

An yi gwaje-gwaje a ɗakunan bincike kan sinadaran da ke cikinsa, amma gwajin ɗakin bincike daban yake da tabbatar da magani a jikin ɗan Adam. Akwai kuma dalilin yin taka-tsantsan da dangin agugu baki ɗaya, domin wasunsu na da guba. Saiwar da Turawa suka daɗe suna kashe tsutsar ciki da ita, alal misali, likitoci sun daina amfani da ita saboda takan yi illa ga ido da hanta idan ta yi yawa, kuma an samu magungunan da suka fi ta aminci.

Duwatsu a matsayin tsibirai

Masana na kallon duwatsun da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili a matsayin tsibirai a kan tudu. Rayuwar da ke kansu ta bambanta da ta filin da ke kewaye, kamar yadda ta tsibiri ta bambanta da ta teku.

Arewacin Najeriya na da su birjik. Akwai Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, da duwatsun da birnin Dutse ya samo sunansa daga gare su, da tsaunukan Shere a Filato, da na Mandara a kan iyakar Najeriya da Kamaru.

Kowane irin wannan dutse na ɗauke da ƙananan matsugunai iri-iri. Akwai tabarmar ciyawa a kan falale, da ƙananan kududdufai da ke cika da damina, da tsagogi masu inuwa, da ɗan kurmin da ke gindin dutse inda ruwan da ya gangaro ke taruwa. Rema da ƙadangaru da tsuntsaye na samun mafaka a nan, haka ma tsirran da garma da gobarar daji suka kora daga fili.

An yi aikin tattara dangin agugu na wannan yanki, amma jefi-jefi. A 1959 aka wallafa littafin A. H. G. Alston kan dangin agugu na Afirka ta Yamma. Wani masani ɗan ƙasar Poland, Jan Kornaś, ya tattara samfura a yankin Tafkin Chadi da tsaunukan Mandara, ya wallafa sakamakon a 1983. Ana ajiye irin waɗannan samfura a ma'ajiyar busassun tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan da kuma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

A 'yan shekarun nan, rashin tsaro ya sa hawa duwatsu da dama a Borno da Zamfara da Kaduna da Neja ya zama kasada ga ɗalibai da malamansu. Wuraren da masu bincike ba sa iya zuwa na ƙaruwa, alhali sauye-sauyen da ke faruwa a kan duwatsun ba su tsaya ba.

Nakiya, gatari da wuta

Babbar barazana ga waɗannan matsugunai ita ce fasa dutse. Kowane titi da gada da bene na bukatar tsakuwa, kuma daga jikin waɗannan duwatsu ake samo ta. Wanda ya bi hanyoyin da ke kewaye da Abuja zai ga duwatsun da aka yanke musu gefe guda, da jerin tifofi na fita da kaya.

Unguwar Mpape da ke Abuja ta bunƙasa ne a kewayen wuraren fasa dutse. A watan Satumban 2018, bayan motsin ƙasa da ya firgita mazauna yankin, hukumomi sun dakatar da fasa dutse a wurin na wani lokaci. A 2020 kuma wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa a unguwar ya zama wurin shaƙatawa da ɗaukar hoto. Ramin ya yi kyau a hoto, amma dutsen da ke wurin da duk abin da ke kansa sun tafi.

Dokoki na nan a rubuce. Akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokar ma'adinai ta 2007, da ƙa'idojin fasa dutse da amfani da nakiya na 2013 da hukumar NESREA ke kula da su. Sai dai idan ana maganar illar fasa dutse, hankali ya fi karkata ga ƙura da ƙara da tsagewar gidaje. Da wuya a ji an tambayi abin da ke tsiro a kan dutsen kafin a ɗana masa nakiya.

Ba kamfanoni kaɗai ke wannan aiki ba. Dubban mata da matasa na cin abinci ta hanyar fasa dutse da guduma, wasu su ƙona itace ko tsofaffin tayoyi a kan falale don ya tsage. Waɗannan mutane neman na tuwo suke yi, kuma duk tsarin da bai yi la'akari da su ba, da wuya ya yi tasiri.

Saran itace don girki da gawayi na kawar da inuwar da tsagogin ke dogaro da ita. Idan itatuwa suka tafi, ruwan sama kan wanke 'yar ƙasar da ta taru a tsaga, wadda ta ɗauki shekaru aru-aru tana taruwa daga ruɓaɓɓen ganye da ƙurar hunturu. Wutar farauta da ake cinnawa kowace shekara na ƙarasa abin da ya rage.

Tsiron da ya bazu daga Cape Verde zuwa Indiya ba zai ƙare a duniya don an fasa dutse ɗaya ba. Asarar ta gida ce, domin maficin dutsen da ya saba da ranin wata bakwai na Sahel na iya ɗauke da halayen gado da ɗan uwansa na wata ƙasa ba shi da su. Wasu danginsa kuma ba su da wannan yalwa. Akwai nau'in da aka raɗa wa sunan Kornaś, wanda ba a san shi a ko'ina ba sai a tuddai masu arzikin tagulla na yankin Katanga a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda haƙar ma'adinai ke ci gaba da faɗaɗa.

Darasi daga Amurum

A gabashin Jos akwai misalin abin da kan faru idan aka bar dutse da dajinsa suka huta. Dajin Amurum, mai faɗin kimanin hekta 300, ya haɗa duwatsu da busasshen daji da kurmin bakin rafi. Al'ummar Laminga ce ta daɗe tana kare shi, kuma tun farkon shekarun 2000 ya zama mazaunin cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

A duwatsun Filato ne aka gano wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu da masana ba su taɓa bayyana shi ba sai a 1998, kuma Amurum na cikin wuraren da aka fi ganinsa. Idan tsuntsu mai tashi da kuka ya iya ɓoye wa masana har zuwa wannan lokaci, ana iya hasashen abin da ke maƙale a tsagogin da ba a taɓa leƙawa ba.

Matakan da za su taimaka ba masu tsada ba ne. Ana iya sa binciken tsirrai cikin sharuɗɗan ba da lasisin fasa dutse, a kuma yi shi da damina, domin wanda ya je da rani zai rubuta cewa bai ga komai ba. Ana iya ware wasu duwatsu a kowace jiha a hana taɓa su, musamman waɗanda dama ke da tarihi, irin su Kufena da Kwatarkwashi. Ana iya barin wani ɓangare na dutsen da ake fasawa da itatuwansa, don abin da ke kai ya samu wurin fakewa.

Masu wayar hannu ma na da rawar takawa. Manhajoji irin su iNaturalist na ba kowa damar ɗora hoton tsiro tare da wurin da aka gan shi, masana daga ko'ina a duniya su taimaka wajen tantance shi. Hoton da ɗalibi ko makiyayi ya ɗauka a dutsen garinsu na iya zama shaidar farko da ke nuna akwai wani tsiro a wannan yanki. Ba a bukatar tuge shi, hoton ganyen ta sama da ta ƙasa ya wadatar.

Malamin makarantar da ke kusa da dutse na iya kai ɗalibansa su nemi busasshen curin a watan Afrilu, su sa masa alama da ɗan dutse, su ɗauki hotonsa. Idan suka koma kwana biyu bayan ruwan farko, za su tarar da shi a buɗe, kore shar, a cikin tsagar da suka bar shi.